Ofishin gida da harajin Amurka: in kana kwangila aka mai da kai ɗan albashi

A ƙarshen watan Janairu takardun haraji ke fara faɗowa cikin akwatin wasiƙa a Amurka. Wanda shekararsa ta tafi a kan turba ɗaya, takarda ɗaya zai gani. Amma akwai mai buɗe ambulan biyu, wani lokaci ma daga kamfani guda: ɗaya da fom 1099-NEC, ɗaya da W-2. Na farkon yana cewa an biya ka a matsayin ɗan kwangila mai cin gashin kansa, na biyun yana cewa kai ma'aikaci ne mai albashi. Duka biyun gaskiya ne, domin a tsakiyar shekara aka kira ka aka ce an ɗauke ka aiki na dindindin. Aka yi barka, har aka aika gida a yi sadaka. Teburin nan bai gusa ba, kujerar ita ce dai, aikin ma shi ne. Sai dai a wurin hukumar haraji ta IRS, tun ranar da ka fara aikin albashi ɗakin da kake aiki a gida ya tashi daga ofis ya koma ɗaki kawai.

Wannan ya shafi mutanenmu da dama: masu tafinta ta waya ga asibitoci da kotuna, masu aikin kwamfuta, masu shirya takardun kuɗin asibiti, masu tsara wa direbobin manyan motoci lodi daga gida. Da yawa da kwangila suka fara, daga baya aka sa su a jerin masu albashi. Tambayar da ke tasowa a watan Maris kullum ɗaya ce: kuɗin haya da wuta da na saba cirewa fa? Amsar ita ce, na watannin kwangila naka ne, kada ka bar ko sisi. Na watannin albashi kuwa, kada ka nema a wurin gwamnatin tarayya, wurin mai aikinka za ka nema. Dukan aikin yana wajen gane ranar da ta raba shekarar gida biyu.

Ba haka abin yake ba a da. Kafin 2018 ma'aikaci na iya rubuta abin da ya kashe daga aljihunsa saboda aiki a fom 2106, har da ofishin gida, muddin kamfani ne ya bukaci ya yi aiki a gida, kuma abin da ya haura kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsa kaɗai ake cire masa. Dokar haraji da Shugaba Trump ya sa wa hannu a Disamban 2017 ta dakatar da wannan daga 2018 zuwa ƙarshen 2025. Shi ya sa a 2020, da annobar korona ta koro ma'aikata gida, mutane suka sayi tebur da kujera suna sa ran ragi, suka tarar ƙofa a rufe. Masu jiran wa'adin ya cika su ma ba su yi sa'a ba, don dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta mai da dakatarwar ta dindindin. 'Yan kaɗan ne suka rage da damar fom 2106: sojojin ko-ta-kwana, wasu 'yan wasa da mawaƙa da suka cika sharuɗɗa, jami'an jiha ko na ƙaramar hukuma da ake biya bisa kuɗin hidima, da masu nakasa game da kayan da suke bukata don su iya aiki. Sai kuma wanda aka yi wa alama a akwati na 13 na W-2 ɗinsa cewa shi "statutory employee" ne, irin wasu dillalan inshorar rai. Shi yana cika fom ɗin sana'a na Schedule C kamar ɗan kwangila. Duba akwatin, ba zai ci maka minti ɗaya ba, amma kada ka sa rai.

Wani abu da ake yawan ruɗewa a kai: ragin ofishin gida ba kuɗi ba ne da za a miƙo maka. Cire shi ake yi daga ribar da za a ɗora wa haraji. Abin da ya sa yake da daraja ga ɗan kwangila shi ne haraji biyu yake sassautawa lokaci guda, harajin kuɗin shiga da kuma harajin mai zaman kansa na kashi 15.3 cikin ɗari, wanda ke tafiya asusun fansho na Social Security da na lafiyar tsofaffi na Medicare.

Kafin lissafi, a tabbata ɗakin ya cancanta

Sharaɗin doka shi ne wurin ya zama na aiki kaɗai, kuma ana aikin a cikinsa a kai a kai. Ba dole sai ɗaki guda mai ƙofa ba. Kusurwar falo ma ta isa, in dai wuri ne da za a iya nunawa a ce daga nan zuwa nan na aiki ne. Kalmar "kaɗai" ɗin nan ita ke kayar da mu, saboda irin zaman da muke yi. Ɗakin da ake kira ofis shi ne ɗakin baƙi. Nan Inna ke sauka in ta zo jego wata uku. Nan yara ke zama da allo da kwamfuta malami na yi musu karatu daga Kano ko Kumasi. Nan aka jibge jakunkunan tsarabar da ake tarawa kafin a tafi gida. In haka ɗakin yake, ba ofis ba ne a idon doka a tsawon lokacin da ake wannan hidima a cikinsa. Abin da ya fi shi ne ka auna daidai wurin da tebur da kujera da kabad ɗin takardu suke, ka tsaya a nan. Ƙaramin wuri na gaskiya ya fi babban ɗakin da ba za ka iya kare shi ba in an tambaye ka.

Sharaɗi na biyu, wurin ya zama cibiyar sana'arka. Wanda dukan aikinsa a kan waya da kwamfuta yake a gida, ba shi da matsala. Wanda ke fita, kamar tafintan da ke zuwa kotu da ƙafarsa, shi ma yana iya cancanta idan a gida yake rubuta takardun neman biya da tsara jadawali, kuma ba shi da wani tsayayyen wuri na yin wannan. Wannan sassaucin ya samo asali ne daga shari'ar Soliman ta 1993, inda Kotun Ƙoli ta hana wani likitan sa barci ragin ofishinsa na gida saboda ainihin aikinsa a asibitoci yake. Majalisa ta gyara dokar a 1997, gyaran ya fara aiki a 1999.

Lissafin rabin shekara

Hanya biyu ce, kuma kai ke zaɓa kowace shekara. Mu ƙaddara wata baiwar Allah ce mai tafinta, tana haya a unguwar Bronx ta birnin Niyok. Gidan murabba'in ƙafa 800 ne, ɗakin aikinta ƙafa 10 ne da 12, wato 120, kashi 15 cikin ɗari na gidan ke nan. Haya dala 2,400 a wata, wuta da gas 200, inshorar 'yan haya 20. Ta yi kwangila daga farkon Janairu, ranar 10 ga Yuni ta fara aikin albashi.

Hanya mai sauƙi, wadda IRS ta fito da ita a 2013, ba ta neman rasit: dala 5 ce a kan kowane murabba'in ƙafa, iyakarta ƙafa 300, wato dala 1,500 a cikakkiyar shekara. Kuskuren da ake yi shi ne a buga 120 sau dala 5 a rubuta 600, alhali ba shekara aka yi ba. Ƙa'idar ita ce a tara faɗin wurin wata-wata a raba da 12, kuma watan da ba a yi kwana 15 ana sana'ar a wurin ba, sifili ne. Ita wata biyar gare ta, don kwana tara kacal ta samu a Yuni. Wato 120 sau wata 5 ya ba da 600, a raba da 12 ya zama 50, a buga da dala 5. Ragin nata dala 250.

Hanya ta biyu ita ce ta ainihin abin da aka kashe, a fom 8829. Nan za ta tara kuɗin watannin kwangila kaɗai: haya 12,000, wuta da gas 1,000, inshora 100, jimla 13,100. Kashi 15 cikin ɗari na wannan dala 1,965 ne. Kwanaki taran Yuni ma ba su faɗi ba a wannan hanyar, suna ƙara mata wajen dala 118. Ragin ya haura dala 2,000. In tana matakin harajin kashi 12 cikin ɗari, abin da zai tsaya a aljihunta ya kai wajen dala 500, a madadin wajen 60 da hanya mai sauƙi za ta ba ta.

To ka ga dalilin da ya sa nake cewa mai haya a birni mai tsada, irin Niyok ko kewayen Washinton, kada ya yarda sauƙi ya ruɗe shi. Hanya mai sauƙi tana jan mutum ne don ba ta da tambayoyi da yawa. Awa ɗaya da za ka yi kana zaƙulo shaidar biyan haya daga asusun banki ta fi awa ɗaya ta aikinka kawo kuɗi. Wanda ke zaune inda haya ke da araha, ko wanda bai adana komai ba, shi ya fi dacewa da hanya mai sauƙi.

A fom ɗin akwai bambanci tsakanin abin da aka kashe wa gida duka da abin da aka kashe wa ofis kaɗai. In ta yi wa ɗakin aikin fenti a watan Maris, duka kuɗin ake cirewa, ba kashi 15 ba. In kicin aka gyara, ba ruwan ofis. Intanet da wayar salula, sai a ƙiyasta rabon aiki bisa gaskiya a cire na watannin kwangila. Abin da aka saya bayan ranar canji kuma, ko da kujerar ofis ce ta dala 400, ya zama sayayyar ma'aikaci, ba ya shiga.

Akwai rufin da ba a wucewa: ragin ofis ba zai fi ribar kwangilar ba, kuma albashi ba ya shiga wannan lissafin. Wanda ya yi kwangilar wata biyu ya samu ribar dala 900, iyakarsa ke nan. A hanyar fom 8829 abin da ya yi saura ana ɗaga shi zuwa wata shekara, amma sai sana'ar ta sake kawo riba zai yi amfani. A hanya mai sauƙi ba a ɗagawa.

Kuɗin da ya makara ma yana da hukuncinsa. Aikin Mayu da aka biya a Yuli kuɗin kwangila ne, Schedule C zai shiga, ko da ranar da ya shigo kana ɗan albashi. Shigowarsa a Yuli dai ba ta mai da Yuli watan ofis ba.

Taura biyu a baki

Da yawa ba sa barin kwangila gaba ɗaya. Da rana aikin albashi, da dare ko ƙarshen mako a taɓa fassara ko wani ɗan aiki na gefe, duka a kan tebur guda. Mutum zai ɗauka tunda sana'ar na nan, ragin ma na nan. A nan ake zamewa. Doka ta ce in ana aiki biyu a wuri ɗaya, dole kowannensu ya cika sharaɗi, kuma aikin albashi ba ya cikawa sai in don bukatar kamfani kake yin sa a gida, ba don jin daɗinka ba. Kotun haraji ta yanke wannan a 1990 a shari'ar Hamacher: ɗan wasan kwaikwayo ne mai zaman kansa, kuma yana karɓar albashi a wani gidan wasa da ya ba shi ofis. Ya riƙa haɗa ayyukan biyu a ofishinsa na gida, kotu ta hana shi ragin baki ɗaya, har da na ɓangaren da yake cin gashin kansa.

Idan kamfaninka ba shi da wurin da zai zaunar da kai, kuma takardar ɗaukarka ta ce daga gida za ka yi aiki, kana da hujja, adana takardar. Idan kuwa akwai teburinka a can, kai ne ka zaɓi zama gida kwana uku a mako, to raba musu wuri. Aikin albashi ya koma teburin falo, sana'a ta riƙe kusurwarta. Ka ɗauki hoton wurin ranar da ka raba, wayarka za ta riƙe kwanan watan.

Mai gidan kansa yana da ƙarin abin lura. A fom 8829 ana cire kuɗin tsufan gini na ɓangaren ofis, wanda ake rarrabawa a kan shekara 39. Ranar da ofis ya daina aiki, cirewar ta tsaya, amma abin da aka riga aka cire ba a manta da shi. Duk ranar da ka sayar da gidan da riba, za a ɗora wa wannan adadin haraji, har zuwa kashi 25 cikin ɗari. Saboda haka tsofaffin fom ɗin 8829 su zauna tare da takardun gida, ba tare da takardun da ake zubarwa bayan shekara uku ba. Haka kayan aiki: in ka taɓa cire kuɗin kwamfuta ko kayan ofis a dunƙule ƙarƙashin sashe na 179, sannan ka miƙa wa yara kafin wa'adinsu ya cika, shekara biyar ga kwamfuta, bakwai ga tebur da kujera, za a mayar da wani ɓangare cikin kuɗin shigarka a fom 4797. Inshorar lafiya da kake biya wa kanka ita ma raginta yana tsayawa daga watan da ka cancanci shiga ta kamfani, ko ka shiga ko ba ka shiga ba.

Bayan ranar canji

In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Ƙofar da ta rage ita ce kamfani ya mayar maka da abin da ka kashe. Akwai tsarin da suke kira "accountable plan", ka riƙe sunan don shi za ka faɗa wa ofishin ma'aikata. A ƙarƙashinsa kana kawo rasit na abin da ya shafi aiki, a biya ka, kuma ba a ɗora wa kuɗin haraji ko kaɗan. Ƙa'idar da IRS ta amince da ita ita ce a kawo shaida cikin kwana 60, in an ba ka fiye da abin da ka kashe ka mayar cikin kwana 120. Wannan ya ma fi ragin da ka rasa: ragi na mayar maka da wajen kwata ne na abin da ka kashe, wannan kuwa duka. Amma in kamfani ya ce ga dala 100 duk wata na intanet ba tare da neman rasit ba, albashi ne, zai fito a W-2, za a yanke masa haraji.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin wannan maganar shi ne kafin ka sa hannu a takardar ɗaukar aiki, sa'ad da suke son ka. Ka nemi su ba da kwamfuta da na'urar kunne da kujera, su ɗauki rabon intanet, a rubuta. A jihar Kalifoniya ma ba alfarma ba ce: sashe na 2802 na dokar ƙwadago ya wajabta wa mai aiki ya biya abin da ma'aikaci ya kashe na dole saboda aikin. Ilinoyi ta kafa irin wannan doka daga Janairun 2019. Dabarar nan ta ba kamfani hayar ɗakinka kuwa, ka bar ta. Kuɗin hayar za a sa masa haraji, kuma doka ta hana ka cire kuɗin ɗakin a kansa.

Kada ka manta da harajin jiha. Wasu jihohi ba su bi tarayya ba, har yanzu suna barin ma'aikaci ya cire abin da ya kashe: Kalifoniya, Niyok, Fensilbaniya, Minisota, Alabama, Akansas da Hawayi. Kowace da sharuɗɗanta, kuma a mafi yawansu sai ka jera abubuwan da ka kashe dalla-dalla kafin ya yi tasiri. Mazauna Teksas da Fulorida ba su da wannan magana, don jihohinsu ba sa karɓar harajin kuɗin shiga.

Sai bashin da watannin kwangila suka bari. Kamfani na yanke haraji ne a kan albashi kaɗai, bai san da ribar Janairu zuwa Mayu ba. In ka biya kason harajin da ɗan kwangila ke biya da kansa, na 15 ga Afrilu da na 15 ga Yuni, madalla. In ba ka biya ba, akwai mafita mai kyau: cika wa kamfani sabon fom W-4 ka nemi a ƙara yankan da ake yi maka duk biya. Abin da aka yanka daga albashi ana ɗaukarsa kamar an biya shi daidai-wa-daida tun farkon shekara, don haka yana iya share tarar makara, abin da biyan dunƙule a Disamba ba zai yi ba.

Na sha jin mai cewa da ya sani da ya zauna a kwangila saboda ragin nan. Ban yarda ba. Wanda ke karɓar albashin dala 50,000, kamfani na biya masa kashi 7.65 cikin ɗari na fansho da lafiya, dala 3,825 ke nan da a da daga jikinsa za su fita. Ragin ofishin waccan baiwar Allah, ko shekara ta cika, amfaninsa bai wuce dala 1,200 da 'yan kai ba. Ba a ma zo kan inshorar lafiya da hutu da kuɗin rashin aiki ba.

Akwai kuma wanda tun farko ma'aikaci ne aka laƙaba masa sunan ɗan kwangila: kamfani ke sa masa lokaci, shi ke nuna masa yadda zai yi, aikin bai canza da ko ɗigo ba bayan an ba shi W-2. Irin wannan yana iya cika fom 8919, ya biya rabon ma'aikaci kaɗai maimakon kashi 15.3. Sai dai wanda ya ce shi ma'aikaci ne tun Janairu ya sallama Schedule C da ragin ofis duka, kuma maganar za ta iya kaiwa ga kamfanin da yake ci a ƙarƙashinsa. A auna da kyau, a zauna da ƙwararre, akanta mai lasisi ko wakilin da IRS ta yi wa rajista.

Ƙwararre na ce, ba mai shagon da ya yi suna wajen "fito da kuɗi" ba. Dabararsu sananniya ce: a ƙirƙiro wa mai albashi Schedule C na sana'ar da babu ita, a zuba haya da mai da waya, a fito da asara ta cinye albashin. Kuɗin zai shigo a Maris, wasiƙar IRS ta biyo baya ko bayan shekara biyu ne, da bashin da ruwansa da tarar da kan kai kashi 20 cikin ɗari. Sa hannunka ne a takardar. Wanda ke shirin neman zama ɗan ƙasa ya tuna fom N-400 yana tambaya a kan haraji. Duk mai cika maka takarda don kuɗi dole ya sa hannu ya rubuta lambarsa ta PTIN; in ya ƙi, karɓi takardunka ka fita.

Wanda kuma canjin ya same shi bara ko bara waccan, ya ga W-2 ya ɗauka shi ke nan bai cire komai ba, kuɗinsa bai mutu ba tukuna. Nemo takardar da ke nuna ranar da ka fara albashi, da shaidar haya da wuta na watannin da suka gabace ta, ka auna ɗakin, ka cika fom 1040-X. Shekara uku doka ta ba ka daga ranar da ka miƙa takardar farko.